Ni Ba Dakta Ba Ne

Yaya Hure,

Assalamu alaikum. Ya Inna da yara, ya cirar gyaɗa? Lafiyata ƙalau a Dubai, in ban da hannuna da sabulu ya cinye.

Don Allah wa ya sa ki yawo da hotona a garinmu Kunci? Don an gan ni da farar riga da sirinji, shi ke nan na zama Dakta? Ruwan sigarin lantarki nake aunawa a shagon wani, sannan in wuni wankin kwalabe!

Ga shi kin ce Baba ya ƙi zuwa asibiti, wai yana jiran maganin tari daga wurina. Allah ya ba shi lafiya, amma ki kai shi asibitin Bici gobe-goben nan. Abin da nake haɗawa, Yaya, shi ke sa mutane tari.

Ƙaninki,
Abdulmumini