Kujerar Matasa a Majalisar Coci

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, ya karatun fastancin? Ka ga abin da wayarka ta jawo ko, ta faɗa ruwa, ga ni riƙe da biro kamar 'yar firamare. Ka yi haƙuri da rubutun.

Yaya ina cikin damuwa. Ka san matasa sun zaɓe ni in zauna musu a majalisar cocinmu na Lutheran, karo na farko da aka ba mu kujera. Har hoto na ɗora a intanet ranar, kowa na ta sa min alamar wuta a ƙasa. To an yi zaman farko a ɗan ofishin nan na bayan bagade. Aka ajiye min kujerar roba bakin ƙofa, kusa da butar shayi. Sai aka kawo maganar a soke sujadar matasa ta yamma, wai hayaniya ta yi yawa, kuma babu babba da ke sa ido.

Ka san yadda suke yi, babba ya fara, mai bi masa ya ɗora. Baba ma, da yake ɗan majalisar ne, ya yi nasa, ya ce a soke. Ni ina zaune ina jiran a zo kaina, maganata a shirye cikin ciki. Sai Fasto ya ce, "Akwai mai wata magana?" Na kalli Baba, ya kalli silin. Na ce bari dai a kira ni, ai ba a tsoma baki manya na magana. Kawai na ji an ce mu rufe da addu'a.

Ranar Lahadi sakatare ya yi sanarwa wai majalisa ta amince baki ɗaya, har da wakiliyar matasa. Yaya ban iya ɗaga kai ba. Kafin a tashi guruf ɗinmu na matasa a waya ya kama da wuta. Wata ta rubuta wai shayi aka kai ni in zuba. Kuma abin haushin, na zuba ɗin.

Me zan yi? Ka rubuto da sauri ta hannun direban da ya kawo maka wannan.

Taka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Na sami wasiƙarki, na kuma yi baƙin ciki.

Abin da kika yi, tarbiyyar gida ce, ba zan zarge ki ba. Amma ki sani a majalisa ba a kiran kowa. Wanda ya yi shiru, an ɗauka ya yarda. Kan kujerar nan ke ba autar Baba ba ce, muryarki ɗaya da tasa.

Ga hanya. A zama na gaba, idan sakatare ya gama karanta rahoton zaman baya, ki miƙe kafin a amince da shi, ki roƙi a sake duba maganar. Sai dai dole wani daga cikinsu ya goya miki baya, in ba haka ba maganar ta faɗi. Ki nemi mutumin tun yanzu, ƙafa da ƙafa. Kada ki kai zancen majalisa cikin guruf, ko da zagi ya ishe ki.

Ki gaishe da Mama. Ina yi miki addu'a.

Yayanki

Yayana,

Barka da ƙoƙari, saƙonka ya iso. Ka ce murya ɗaya da ta Baba, na yi dariya ni kaɗai. Ka zo ka faɗa masa da bakinka.

Na bi su kamar yadda ka ce. Na sami shugabar zumuntar mata a shagonta tana awon yadi, ta ce, "'Yata ina tare da ke a zuciya, amma ni in ɗaga hannu gaban mahaifinki? Rufa min asiri." Malamin katekis ya ce zai yi addu'a a kai. Ka san in ya ce haka an gama.

Su kuma namu sun fara zamewa. Dogo mai buga mana ganga ya koma sabon cocin nan na saman shagon taya, ya ja 'yan kwaya, masu yi mana waƙa, da dama. Na kira shi, ya ce, "Ranki ya daɗe 'yar majalisa, mu da ba mu da kujera ai sai mu nemi inda za mu zauna." Yaya waɗannan tare muka yi ajin tabbatarwa cikin bangaskiya da su. In suka tafi, wa nake wakilta?

Jiya na sami Baba yana goge takalminsa a tsakar gida, na durƙusa na faɗa masa zan miƙe. Bai ɗago ba. Ya ce, "Kujera aka ba ki don ki koyi yadda ake yi. In kin miƙe, ni kika miƙe wa." Mama na jin mu daga kicin, tukunya kawai take ƙwanƙwasawa.

Gobe ne zaman. Na kashe data tun safe, ni da ko wanka da waya nake shiga.

Ka sa ni a addu'a sosai.

Auta

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa, muna lafiya.

Ƙanwarka ta miƙe a majalisa. Ta faɗi abin da ta zo da shi har ƙarshe. Fasto ya nemi mai goyon baya. Babu wanda ya ɗaga hannu, har ni. Sai ta ce to a rubuta cewa ita ba ta yarda ba, aka rubuta.

Sujadar tana nan a soke. Ranar Lahadi na juya na dubi bencinan matasa, ban ji daɗin abin da na gani ba.

Ta ce min za ta sake miƙewa a zama mai zuwa, da wanda ke bayansa. Na ɗauki biron nan ne don in ce ka hana ta. Yanzu da na zo rubutawa, ban san ko abin da nake so ke nan ba. Ka zo gida in an ba ku hutu, mu yi magana.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Mahaifinka