Sai An Sha Ruwa Tukuna

Litinin, 3 ga Agusta
Yau aka sauke hotunan bangon sito, wai za a yi fenti saboda ƙungiyarmu ta agaji ta cika shekara talatin. Na ɓoye guda a jaka: ni da Direba da marigayiya Nas, wadda ta kafa mu, tsaye bayan tsohuwar akori-kura, laka har gwiwa. Lokacin ba ofis, ba tambari, sai garejin mijinta da bargunan da muka bi gida-gida muka roƙo bayan ambaliyar farko. Ga ni nan siririya kamar tsinke. Ina wannan jikin ya tafi?

Alhamis, 6 ga Agusta
Sabuwar shugaba ta tara mu. Yarinya ce mai hankali, ban musa ba, amma komai sai ta leƙa waya. Wai daga bana layi za a riƙa yi a filin makaranta, kowa ya karɓi ƙunshinsa ya wuce. Na ce ƙa'idar Nas fa? "Mama, tana cin lokaci."

Cin lokaci. Tun ranar farko Nas ta kafa mana: ba a sauke kaya sai an shiga wurin mutum, an zauna, an roƙi ruwan sha, ko da ƙarƙashin tamfol yake. Ta ce in ya ba ka ruwa ya zama mai masaukinka, ba zai ji kunyar karɓar naka ba. Na sha a gwangwani, na sha a murfin tukunya. Cikina ya ji jiki, amma ban taɓa ganin wanda ya sunkuyar da kai a gabanmu ba.

Laraba, 12 ga Agusta
Direba ya ce in daina kumbure-kumbure, ai ƙarshen shekara zan ajiye aiki. To abin da ke cina ke nan. In na tafi, wa zai tuna? Shi gwiwa ta hana shi ko sauka daga mota.

Juma'a, 21 ga Agusta
An gwada layin. An gama da wuri, dole in faɗi gaskiya. Da mu ne sai mu kwashe kwanaki, na nesa har su cire rai. Amma wani dattijo ya tura jikarsa layi, shi ya maƙale bayan katanga. Na nuna wa shugaba shi. Da zan tafi ban yi mata sallama ba.

Asabar, 29 ga Agusta
Ruwa ya shigo unguwarmu. Ɗakina ya zauna.

Lahadi, 30 ga Agusta
Ina barandar maƙwabta da jiƙaƙƙiyar tabarma. Hoton ya tsira. An ce gobe akwai rabo a filin makaranta. Ni in shiga layi, a gaban yaran da na koya wa ɗaure ƙunshi? Gara sanyin. Yau na yi kewar Nas har na yi kuka.

Laraba, 2 ga Satumba
Ban je ba. Jiya da yamma sai ga hon ɗin Direba. Shugaba ce ta sauko, hannunta ba komai, takalmi duk laka. Ta zauna gefen tabarmata, ta yi min jaje, sannan ta ce, "Mama, a taimaka min da ruwa, ƙishi nake ji."

Ko kofi ba ni da shi. A murfin fulas na ba ta, ta shanye tas. Sai da ta ajiye ta ɗaga wa Direba hannu a sauke kaya.

Bargon bai kai namu na da kauri ba, ƙullin ƙunshin ma shirme. Zan leƙa sito in nuna mata yadda ake yi, ba don komai ba. Ta ce layi yana nan, amma duk wanda bai zo ba za a bi shi har gida. To, mu gani.

Na dai yi barci.