Tayar Banza a Keken Malam

Daren Talata, sha biyu ga Rajab

Sale ya dawo daga hanyar Ketare da keke a kahwaɗa, daddawata ko kasuwa ba ta gani ba. Ɗan da na haihwa da cikina, amma wayonshi bai kai na kaza ba.

Tayar da ya sawo jiya ce ta hwashe. Baƙa wuluk, tana sheƙi, ya zo yana mani baki har kunne, wai araha. Na latsa ta da yatsa na ji kamar ganyen kabeji.

Marigayi Malam in zai sa sabuwar taya, tsohuwar yake yankawa ya shimhiɗa a ciki saboda ƙaya. Na gaya wa Sale haka. Ya ce, "Inna, wannan ai aikin mutanen da ne." Ya kai tsohuwar aka yanka mashi takalmi.

Yanzu wai keken ne ya tsuhwa, a ba 'yan gwangwan su auna. Na ce, "Ni ma na tsuhwa, sai ka haɗa da ni a sikelin." Keken nan na marigayi Malam, uban Sale, shi ke kai mani daddawa kasuwa, da shi nike ci. Na jawo shi ɗakina na jingine bayan gado.

Na dubi takalmin ƙahwarshi da zai hita. Tun daga Ketare ya tako a kan tayar ubanshi, ko ƙaya ɗaya ba ta huda ta ba.