Ƙugiya ɗaya a fostar surukina

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah ka saka min wannan ka ɓoye sunana, duk da dai wanda yake yankinmu yana karantawa zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, kuma wanda ya ɓata min shi uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Minjibir, ina kuma da ɗan shago a bakin kasuwa inda nake buga wa mutane takardu, katin biki, katin suna, jarrabawar 'yan Islamiyya, da irinsu. Kwamfutata tsohuwa ce ƙwarai, sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta gama buɗewa, amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Akwai wani tsohon tsarin haruffa a cikinta da nake rubuta Hausa da shi, ɓ da ɗ da ƙ duk suna fitowa da ƙugiyarsu, shi ya sa har daga ƙauyukan kusa ake kawo min aiki.

Da daminar nan firintata ta mutu. Yayana yana sayar da wayoyi a birni, shi ya kawo min sabuwa, kuma wallahi na yi masa godiya har a gaban Inna. Da muka jona ta sai kwamfutar ta ƙi ganin ta. Yaya ya ce windos ɗin, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ita ce ta tsufa, sabuwar firinta ba ta da direban, wato manhajar haɗi, da zai yi aiki da ita, sai an ɗora sabuwar windos. Na ce masa a bari tukuna, akwai babban aiki a ciki da ban fitar ba, na samu inda zan ari firinta. Ya ce ƙauyanci ne yake damuna, ina rungume da kayan da birni suka zubar tun yana saurayi. Haka yake yi min tun muna yara, shi ne mai ilimin komai, ni kuwa ɗan riƙe masa fitila.

Babban aikin nan na surukina ne, mahaifin matata. Dagacinmu ya ba shi sarautar Sarkin Fada, aka sa ranar naɗi, shi da kansa ya aiko a yi masa fosta da katin gayyata. Ku da ba ku san shi ba, mutum ne mai zafi, ya yi rigima da rabin gari kan iyakar gona da hanyar shanu, kuma kowa ya san sunan da ake kiran shi da shi a bayan idonsa. Ni dai ban taɓa furta sunan nan ba, surukina ne, ko idonsa ba na iya kallo. Na zauna na tsara fostar da kyau, hotonsa da rawani, na duba kowane harafi, bugawa kawai ta rage.

Ranar da Yaya ya zo da filas ɗinsa na kwamfuta mai ɗauke da sabuwar windos ni ina gona, cirar gyaɗa ake, ga hadari, ba zan bar ta a ƙasa ba. Inna ce ta ba shi mukullin shago ba tare da an tambaye ni ba. Ya goge tsohuwar windos ya ɗora sabuwa, firinta ta kama aiki, amma tsarin haruffan nan nawa ya tafi da tsohuwar. Duk inda ƙ ko ɗ take a takarduna sai ta koma wata alama kamar baka. Maimakon ya jira ni, sai ya buɗe fostar surukina ya bi ta yana mayar da ƙugiyoyin da hannunsa, ya buga, ya miƙa wa 'yan kwamitin naɗi da suka zo karɓa. Su ma ba su duba ba, suka bi gari suna mannawa, masallaci, tasha, teburin mai shayi, har ƙofar gidan dagaci.

Jama'a, a ƙarƙashin hoton mahaifin matata, da manyan haruffa, an rubuta SARKIN FAƊA. Fada, wato gidan sarauta, ba ta da ƙugiya, ban kuma sa mata ba. An ƙara mata ɗaya, ta koma faɗa, ta koma daidai sunan da ake tsokanar shi da shi. Ina dawowa daga gona na tarar da samari sun taru a tasha suna dariya suna ɗaukar hoto da waya. Na bi gari ina ɓalle fostar da farcena, amma hoton ya riga ya zaga har wajen 'yan garinmu da ke Kudu.

Na kira Yaya, ya ce ba shi ba ne, sabuwar windos ce take gyara rubutu da kanta. Na koma shago na rubuta fada ban san sau nawa ba, ba ta canza komai ba. Na sake kiran shi na gaya masa, sai ya fashe da dariya ya ce, “To ƙarya aka yi masa?” Tun daga lokacin na daina yarda cewa kuskure ne. Surukin nan nawa ya taɓa tsinka shi a gaban mutane kan maganar fili, Yaya bai manta ba, sai ya rama da injina, da shagona, da sunana da ke rubuce a ƙasan fostar. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba, kuma har yanzu ban ji nadama ba.

An yi naɗi, ban samu fuskar zuwa ba. Washegari surukina ya aiko ƙaninsa ya tafi da matata da ɗiyarmu Ummi, wai ta je ganin gida. Saƙon da ya biyo baya shi ne, wanda ya sa ƙugiyar nan ya zo fadar dagaci bayan sallar Juma'a ya faɗa da bakinsa ya ba da haƙuri, in kuma ni ne, to in sani ba ya haɗa zuri'a da mai yi masa ba'a. Wato in na ɗauki laifin, aurena ya tafi ke nan.

Na je wa Inna da maganar, ina zaton za ta kira Yaya ta ce ya zo ya gyara abin da ya ɓata. Sai ta ce in rufa wa ɗan'uwana asiri, shi ne babba, shi ya saya min firintar, in na kira sunansa a fada ba ta yafe min ba. Ta ce in ce inji ne ya yi. Na ce Inna, za su sa in rantse da Alƙur'ani, kuma na gwada injin na san ba shi ba ne. Ta ce in haka ne in yi shiru, mata ai ba su ƙare ba. Wallahi wannan kalmar ta fi ta Yaya ƙona min rai, matar da take dafa mata abinci take wanke mata kaya ita ce yau ba ta ƙare ba. Shi kuwa gogan ya koma birni ya daina ɗaga wayata, jiya ma na ga ya saka hotonsa yana cin tsire.

Matata ta san gaskiya, don na gaya mata tun ranar. Ba ta gaya wa babanta ba, ta ce daga bakina take so ya ji. Ɗazu ta turo min saƙo, wayarta ƙarama ce ba ta da haruffa masu ƙugiya: “Baban Ummi, ka zo fada ka fada, in ba haka ba ni zan fada.” Ban sha wahalar gane waɗanne ne masu ƙugiya a ciki ba.

Juma'a ta matso. In kira sunan Yaya in ɗauki fushin mahaifiyata, ko in yi shiru matata ta tashi a gaban ubanta ta faɗi abin da mijinta ya kasa? Kada wanda ya ce min in yi haƙuri da Yaya, ba wannan na tambaya ba. Malaman da ke gidan nan ku gaya min, wannan rashin yafiyar na Inna zai kama ni in gaskiya na faɗa?