Zamzam Ba Ya Buɗe Littafi

Ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan, ya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Misfala a Makka sai godiya, ga zafi ga gajiya.

Saƙonki ya iso, wai in ƙaro Zamzam saboda 'yata Ummi ba ta riƙe karatu. Hadiza, bara da wannan gwiwar tawa na jawo jarka cikin rana, na roƙi wata hajiya ta kai muku. Ummi ta shanye, ta faɗi jarrabawa. Jiya na kira ta, fim nake ji yana tashi, wai littafin yana ɗakinki.

Malaman da suka sha Zamzam don hadda, suna ajiye kofi suke ɗaukar littafi. Ki karɓe wayar nan. Bayan asuba ta karanta shafi ɗaya, ta rufe, ta biya miki da ka, yadda Baba yake sa mu. Kin dai ji babanta: in ta sake faɗuwa, makaranta ta ƙare.

Ranar da ta biya mini shafi ta wayarki, zan ɗauki jarka. Ki gaishe da Inna, ta sa ni a addu'a.

Yayarki,
Binta