Ana Kafa Eriya a Bayan Kasuwa, Zuciyata Ta Ƙi Zama

Hajiya mai filin nan, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da za ki ce damuwata ta masu ƙoshi ce. Shekarata hamsin da huɗu. Na yi shekara goma sha tara ina gabatar da shirin safe a wata tashar rediyo ta AM, har ranar da aka kashe na'urar aka sallame mu. Na yi kuka na share hawayena, na buɗe shagon zare da maɓallai. Alhamdu lillahi, shagon yana tafiya. Maigidana direban babbar mota ne, bara ya ajiye tuƙi. Yanzu ne karon farko a aurenmu da muke karyawa tare kowace safiya, yana yanka burodi yana ba ni labarin hanya wanda na ji sau ɗari, ina dariya kamar ban taɓa ji ba.

To, watanni biyu ke nan ana kafa wata doguwar eriya a bayan kasuwar kayan miya, kuma ana ta raɗe-raɗin an ba sababbin tashoshin AM biyu lasisi. Ba wanda ya san me za su riƙa watsawa, amma kowa ya zama masani. Maigidana ya rantse ɗaya ta labarai ce da farashin amfanin gona, wai AM ce kaɗai ke bin direba har inda waya ba ta kamawa. Mai gyaran rediyo da ke jikin shagona ya ce sharhin ƙwallo ne daga safe har yamma, har ya fara kakkaɓe tsofaffin akwatunansa. Ƙanwata ta ce wa'azi. 'Yata kuwa dariya take yi mana, wai kiɗa da tallan magani za su cika mana kunne, kuma wa ke jin AM a zamanin nan?

Ni ma ina cikin masu cacar bakin, har makon jiya da tsohon shugaban sashenmu na gidan rediyo ya kira ni. Ya ce ɗaya daga cikin sababbin tashoshin tana tuntuɓarsa, shi ma bai san tsarin tashar ba tukuna, amma in turo masa muryata. Hajiya, na rufe shago, na shiga bayan kanta na karanta wani tsohon labari ina ɗaukar muryata a waya. Muryar ta yi kauri, numfashina ya gajarta, amma tana nan. Na saurara sau bakwai.

Ban faɗa wa maigidana ba. Idan shirin safe ne, ƙarfe biyar zan bar gida, shi ya koma shan shayi shi kaɗai bayan shekara talatin yana sha a bakin titi. Idan kuma tashar samari ce, zan je in ji kunya a gaban sa'o'in 'yata. Ba na cikin wani rashi. Me ya sa zuciyata ta ƙi zama?

Tsohuwar Murya

'Yar'uwa, zuciyarki ta ƙi zama ne saboda aikin da kika iya aka ƙwace miki shi, ba ke kika ajiye ba. Wannan ba butulci ba ne, kada ki tuhumi kanki.

Amma ki lura, kin tara tashoshi huɗu a kanki, ta labarai, ta ƙwallo, ta wa'azi da ta kiɗa, kina jin tsoron kowacce, alhali ƙarfe kawai aka kafa. Hasashen maigidanki yana da ƙamshin gaskiya, domin wanda ya zaɓi AM yawanci manomi da direba da mutanen karkara yake nema, kuma su murya mai nutsuwa suke so. Duk da haka hasashe ne. Kada ki rufe shago a kansa.

Abu na farko, ki kunna wa maigidanki abin da kika ɗauka, gobe da safe, kafin ya ji daga bakin wani. Ɓoyewar ta fi aikin kansa haɗari. Kin yanke masa hukuncin kaɗaici ba ki tambaye shi ba. Mai yiwuwa ya ce shi zai riƙa kai ki, mai yiwuwa kuma ya ce safiyar nan tana da daraja a wurinsa. Ko wanne ya faɗa, ki saurara da gaske.

Sannan ki tura muryar. Turawa ba sa hannu ba ce. Idan suka kira, ki tambayi wa suke son ya saurare su, wane lokaci, kwana nawa a mako. Mai shekara goma sha tara a gaban makirfo tana da bakin cewa ita shirin hantsi take so, sau biyu a mako. Suka yarda, madalla. Suka ƙi, kin koma gidan da kike jin daɗinsa, ba ki rasa komai ba.

Allah Ya zaɓa miki mafi alheri, Ya bar ku tare cikin lafiya. Ki gaida maigida.