Tofin da na yi wa makuba

Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Allah, ya sa makwancinki ya fi gidan da kika bari faɗi da sanyi. Ni ce Hajo. Na san ba a aika ma wanda ya riga mu takarda, kuma ko kina raye sai an karanta miki. Amma magana ce ta cika mini ciki, Nana ta ce in rubuta a salula in sa inda mutane ke gani, ko na ji sauƙi. Nana taki, wadda kika bari tana famfarar haƙori, yanzu ta fi ni tsawo. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, kin san inda na tsaya a lakkwal, karatun bokona bai yi nisa ba.

Bari in fara da abin da ba ki sani ba. Ɗakin nan da kika yi mini daɓe lokacin da na tare, ya faɗi bara. Gara ce ta cinye azara ta ciki ba mu sani ba, ruwan tsakiyar damina ya zo ya ƙarasa. Muna gona abin ya faru, Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Da aka kwashe ƙasa, daɓenki yana nan sumul, ko tsaga babu. Na zauna a kai na yi kuka, ban san ko ɗakin nake ma ba ko ke. Sauran daminar a zauren wan baban su Nana muka yi ta, mu shida, tabarma ce ƙofarmu.

Da kaka sai ga wasu mutane sun zo Madarumfa da wani aiki, can bayan gari ta hanyar tabki. Suka ce gini za a gwada, ba itace, ba kwano, ƙasa zalla har rufi. Wanda ke so ya zo, amma da hannunshi zai gina, ya taya maƙwabci nashi, ya zauna a ciki, su kuma suna duba abin da ya yi da wanda bai yi ba. Baban su Nana ya ce shi bai kwana cikin rumbu. Na ce to ni na gaji da zauren mutane. Bayan kwana biyu ya ɗauki felu, shebur ɗinshi, ya wuce gaba.

Mai kula da aikin mace ce, Inna, Madam Zuwaira, ƴar Yamai, ta karanta zanen gini. Ƙarama ce, ba ta kai ni ba, kullum da kaye, littafin rubutunta, da biro a hannu. Babban maso kuwa, wato magini, Garba ne, na Kawu Sani, taubashina. Har yanzu bakin nan nashi bai mutu ba. Ran da na fara zuwa ya ce Madam ta ƙara yawan tuwo, an kawo mai ci ba mai aiki ba.

Yadda ake rufin, da kin gani da kin riƙe baki. Ana kafa ƙarfe a tsakiyar ɗaki, a ɗaura mishi sanda mai juyawa. Duk inda bakin sandar ya nuna, nan ake ɗora tubali, a ɗan kwantar da shi, a manna da laka. A zagaya, a zagaya, zoben yana ƙara tsukewa, har ya rufe sama kamar an kife tukunya. Ba abin da ke riƙe da shi ta ƙasa, tubali ne ke jingine da ɗan'uwanshi. Ran da aka sa ni hawa in ɗora nawa, Garba ya ce in na faɗo in yi ƙoƙari kar in faɗo kan tubalin, su an sha wuya wajen yin su. Amma na ɗora. Layi bakwai na sama na ɗakina, hannuna ne.

Mutanen gari Unguwar Tukwane suke ce mana, mun karɓi sunan. Da safe mata mu ja ruwa, maza su kwaɓa ƙasa da ƙafa, da hantsi a haɗu wajen ɗakin da ke kan layi. Tukunya ɗaya muke ɗorawa gindin gawo, yau wannan ta kawo kifi, gobe waccan ta kawo kuka. Da bazara in ka shiga ɗakin tsakar rana sai ka ce cikin randa ka shiga. Aibinshi ɗaya, ba a gulma a ciki. In ka yi raɗa nan gefe, wanda ke can gefe ya ji tas. Ni da Maryamu maƙwabciyata mun gane haka ran da muke zancen surukarta, ashe tana zaune bakin ƙofa.

To ga inda matsala ta zo. Rufin ƙasa yana son riga ta waje, in ba haka ba ruwa ya jiƙa tubali ya narke, kuma in na sama ya narke duk abin zubowa zai yi. Madam ta sa aka shafa siminti a ɗakin gwaji. Wata biyu ana rana, ya tsage, ya ɗaga kamar ɓawon ƙwai, ka sa yatsa ka ɓanɓare. Ta tara mu gindin gawo ta ce siminti ya ƙi ƙasa, ga damina ta matso, duk mai wata dabara ya faɗa.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce Innata da makuba take yi, ruwan ɓawon ɗorawa, kuma aikinta ruwa bai cin shi. Na ce na iya. Na ce a fara da ɗakina.

Inna, ban iya ba. Ke kin sani. Sau nawa kika ce, Hajo zo ki riƙe mini ƙwarya, in ce cikina ke ciwo? Ƙin jan da makuba ke bari a hannu nake, don ƴan mata na ce mini ɗiyar mai daɓe. In kin dawo da yamma hannunki ja har gwiwa, in muna da baƙi sai in ji kamar ki ɓoye shi cikin zane. Ban taɓa gaya miki ba, amma na san kin gani. Ba ki taɓa yi mini faɗa a kai ba. Sai ki ce, to je ki kwanta, Allah ya sauwaƙe.

Na tahi Ɗan Issa wajen masu daddawa na samo ɓawon ɗorawa buhu biyu, na bara ne, ya bushe ƙayau. Na daka, na jiƙa a rabin tano, durom ɗin nan na ƙarfe. Na yi duk abin da na tuna kina yi. Na tuna kwana uku kike bari. Na tuna kullum da safe kina tsayawa bakin randar, ki kai hannu baki, ki yi tofi, ki yi magana ƙasa-ƙasa. Ni a wajena addu'a ce, na ɗauka ita ce asirin aikin. Don haka kwana uku ina zuwa da alwalata, in karanta abin da na iya, in tofa cikin tanon. Garba ya kama ni ran na biyu. Ya ce, Malama Hajo, in an gama a sam mini na ciwon baya.

Na kwaɓa da jar ƙasa, muka shafa a gefe ɗaya na rufin, ya sha rana kwana biyu. Madam ta aro butar ban-ruwa wajen masu lambu, Garba ya hau ya yi ta zubawa kamar ruwan sama. Kowa na tsaye. Inna, abin ya bi ruwa. Jan ruwa ya dinga gangarowa ta bango, tubalin da na ɗora da hannuna ya fito tsirara. Ba wanda ya yi dariya, har Garba, kuma wannan ya fi mini zafi. Madam ta ce ba komi, gwaji ne. Baban su Nana ya dubi gabas, inda hadari ya fara nuna kai kwanakin nan, ya ce ko ya je ya yi ma wanshi magana kan zaure tun da wuri.

Na koma bakin tano ina kwashe sauran in zubar. Ina juyawa da haushi sai ya fantsamo mini a baki. Salam, Inna, kamar ruwan wankin ƙwarya. Na tsaya da moɗa a hannu.

Don na san ba haka yake ba. Na taɓa sha. Ina ƙarama, ran da za ki yi daɓen gidan liman, na ga ruwan ja kamar zoɓo na faki idonki na kurɓa. Bakina ya ɗaure, harshena ya yi kamar an sa mishi tsumma, ko yawu na kasa haɗiyewa. Na zo ina kuka ina nuna miki baki. Kika yi dariya har kika dafa bango, kika ce, ya ɗaure ki? To ya yi, a kira mata.

Nan na gane. Yatsa kike tsomawa ki ɗanɗana, ki tofar gefe. Ni daga baya nake hango ki, kullum daga nesa, don ban yarda in matso ba. Maganar da kike yi ƙasa-ƙasa ma sai ta dawo mini a kunne, ba Larabci ba ne. Da saura, kike cewa. Da saura. Shekara da shekaru ina ɗauka Innata na karanta wata babbar addu'a, ashe miya kike ɗanɗanawa. Na yi dariya ni kaɗai bakin tano, dariyar ta koma kuka, Maryamu ta fito ta ɗauka wani abu ya cije ni.

Ban zubar ba. Na ƙara daka ɓawo na zuba, na ja tanon cikin rana na rufe. Kullum da safe in tsoma yatsa. Ran na huɗu da saura. Ran na biyar ya fara kama gefen harshe. Hadari na haɗuwa yana watsewa, baban su Nana na cewa a shafa haka nan, ni ina cewa a'a. Ban taɓa jin na yi kama da ke ba sai a kwanakin nan. Ran na bakwai na ɗanɗana, bakina ya tsuke har idona ya kawo ruwa. Na ce a kira mata.

Mu tara muka hau. Da tafin hannu muka shafa, muka bi da dutse mai santsi muna gogewa, muka yayyafa ruwan sau uku yana shanyewa. Garba ne ke miƙo mana ƙwarya daga ƙasa, yau shi ne ɗan aike. Da na sauko ya dubi hannuna ja har gwiwa, ya buɗe baki zai yi tsiya, sai ya fasa. Ya ce, hannun Gwaggo. Ya juya ya tahi wajen tubali.

Ba a samu yin gwajin buta ba, sama ta riga mu. Ran Talata bayan la'asar ruwa ya sauko da iska, irin wanda ke kwantar da gero. Madam ta ce mu fito mu fake a ɗakin ajiya mai kwano har a gani. Na tura yara can da babansu, ni na ce ina ciki. Ba jarumta ba ce, so nake in ya ɗiga in riga kowa gani. Na zauna tsakiyar ɗaki na ɗaga kai. Kin san kwano yadda yake da ruwa, ba ka jin maganar na kusa da kai. Nan kuwa shiru, sai wani gunji can nesa. Ina ta bin layukan tubali da ido. Can sai ga baban su Nana ya shigo jiƙe sharkaf, ya zauna kusa da ni shi ma ya ɗaga kai. Haka muka yi har aka ɗauke.

Bai ɗiga ba, Inna. Waje ɗaya ne kusa da indararo ya yi danshi kamar faɗin tafin hannu, nan ma ni ce ban goge da kyau ba, na gyara washegari. Mun kwashe sauran kayanmu daga zaure, mun tare gaba ɗaya.

Madam ta zo da kayenta wai in gaya mata awo, ɓawo tiya nawa, ruwa bokiti nawa, kwana nawa. Na ce ya danganta da ɓawon, na bana daban na bara daban, sai dai a ɗanɗana. Ta ce ba ta iya rubuta harshe a takarda. Na miƙa mata moɗa. Ta tsoma yatsa ta kai baki, fuskarta ta tattare kamar ta jariri. Da ta samu bakin magana ta tambaye ni sunanki, ta rubuta a saman shafin. Na ce ta ƙara da mai daɓe, haka aka san ki.

Yanzu sauran ɗakuna goma ba riga, ruwa kuma ya fara ke nan. Kowane gida ya jiƙa nashi, kuma ba mai yarda ya kwaɓa sai na ɗanɗana. Tun jiya bakina a ɗaure yake, ko gishirin miya ban ji. Na sa Nana ta tsaya kusa da ni, kusa sosai, ta ga inda yatsa ke zuwa. Ta ce yana ɓata mata hannu. Ban yi mata faɗa ba.

Ki yafe mini ciwon cikin nan na ƙarya, Inna. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk ɗakin da ya tsare wani daga ruwa ladan ya isa gare ki. Ya haɗa mu a inda ba rufin da ke faɗuwa. Akwai kuma maganar daɓen cikin ɗakin da nake so in tambaye ki, ko tsakuwa ake fara

Ana buga ƙofa. Maryamu ce, ina jin ta tana cewa in fito da harshena, nata ya kwana shida. Bari in je.

Ɗiyarki,
Hajo